Yadda Ake Ziyartar Gidan Shan Kofi na Kyanwoyi Cikin Tsabta da Tausayin Dabbobi

Gidan shan kofi na kyanwoyi wuri ne da mutum zai biya kuɗi ya shiga ya zauna na wani ƙayyadadden lokaci, galibi awa ɗaya, yana shan kofi ko shayi yayin da kyanwoyi ke kai-kawo a cikin ɗakin, wasu suna barci, wasu suna wasa, wasu kuma suna zuwa wurin baƙi don a shafa su. An fi danganta farkon wannan sana'a da wani gida da aka buɗe a birnin Taipei na ƙasar Taiwan a shekarar 1998, amma a Japan ne abin ya bunƙasa bayan da aka buɗe Neko no Jikan a birnin Osaka a 2004, domin masu gidajen haya da yawa a manyan biranen ƙasar ba sa yarda ɗan haya ya ajiye dabba, ga kuma ƙarancin fili a ɗakunan. Daga can sana'ar ta tsallaka Turai, inda aka buɗe Cafe Neko a birnin Vienna a 2012 da Lady Dinah's Cat Emporium a Landan a 2014, kuma a wannan shekarar ce aka buɗe Cat Town a birnin Oakland na Amurka.

Abin da ya kamata mai ziyara ya riƙe a ransa tun kafin ya fita daga gida shi ne, shi awa ɗaya zai yi ya tafi, su kuwa kyanwoyin a nan suke wuni, sau da yawa a nan suke kwana, kuma kafin rana ta faɗi hannuwa da yawa waɗanda ba su sani ba za su taɓa su. Saboda haka ma'aunin da nake auna irin wannan gida da shi guda ɗaya ne, wato ko kyanwa tana da ikon ƙin mutum. Idan an tsara wurin ta yadda za ta iya tashi ta bar baƙo, ta hau inda hannunsa ba zai kai ba, ko ta shige wani ɗaki da ba a barin baƙi su shiga, to akwai alamar masu gidan sun san abin da suke yi. Idan kuwa duk inda ta juya akwai mai jiran ta, to komai kyan kujeru da daɗin kofi, dabbar tana cikin ƙunci.

Dalilin hakan yana cikin halittar kyanwa. Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji da masana ke kira Felis lybica, wadda take farauta ita kaɗai kuma take tsare yankinta, kuma ko da yake ta fara zama kusa da mutane kimanin shekaru dubu goma da suka wuce, wannan ɗabi'a ba ta rabu da ita gaba ɗaya ba. Kyanwoyi suna iya zama tare lafiya, musamman waɗanda suka tashi tare tun suna ƙanana, amma tara manya waɗanda ba su san juna ba a ɗaki guda yana haifar da zaman doya da manja wanda baƙo ba zai lura da shi ba, domin ba kullum yake fitowa a matsayin faɗa ba. Wata za ta tare hanyar zuwa wurin abinci, wata ta riƙa zura wa 'yar'uwarta ido har ta tashi daga inda take kwance, wata kuma ta riƙe fitsari saboda tsoron wadda ta zauna a bakin tiren bahaya, wato tiren da ake ajiye wa kyanwoyi don fitsari da kashi. Irin wannan damuwa idan ta daɗe tana jawo kumburin mafitsara, da yawan lasar jiki har gashi ya zube, da tasowar murar kyanwoyi wadda ƙwayarta ke kwance a jiki. A kan haka ne ƙungiyoyin kare dabbobi na RSPCA da Cats Protection na Birtaniya suka yi kira a shekarar 2025 da a daina ba irin waɗannan gidaje sabon lasisi, a kuma kawo ƙarshensu sannu a hankali. Masu gidajen sun mayar da martani cewa wurarensu suna samar wa kyanwoyi marasa galihu masu riƙo. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma bambancin da ke tsakanin gida mai kyau da mara kyau yana da girma ƙwarai, shi ya sa zaɓen inda za ka je ya fi duk abin da za ka yi bayan ka shiga muhimmanci.

Ka fara da bincike a shafin gidan na intanet, ko ka buga musu waya. Gidajen iri biyu ne. Akwai waɗanda kyanwoyinsu mazauna ne na dindindin, akwai kuma waɗanda suke aiki da cibiyoyin ceton dabbobi, inda kyanwa ke zama na ɗan lokaci har a sami wanda zai ɗauke ta ya riƙe, kuma wannan tsari na biyu shi ya fi yawa a Amurka. Kowanne yana da matsalarsa: a na farko dabba tana iya shafe shekaru tana karɓar baƙi, a na biyu kuma yawan shigo da sababbi yana dagula zaman waɗanda ke ciki, yana kuma buɗe ƙofar shigowar cututtuka idan ba a killace sabuwar zuwa na wasu kwanaki kafin a haɗa ta da saura ba. Ka tambayi daga ina kyanwoyin suke, wane likitan dabbobi ke duba su, ko an yi musu allurar riga-kafi da maganin ƙuma da na tsutsar ciki, ko an yi musu aikin hana haihuwa, da kuma ko an gwada su don cututtukan FIV da FeLV, waɗanda ba sa kama mutum amma suna yaɗuwa tsakanin kyanwoyi. Ka tambayi adadin baƙin da ake bari a ɗakin a lokaci guda, da ko akwai ranar hutu a mako. Tambayar da ta fi tona asirin gida ita ce: me kuke yi da kyanwar da ta kasa sabawa da wurin? Masu kula na gaskiya suna da amsa a shirye, domin abin ya taɓa faruwa da su, kuma za su ce maka sun nema mata gida mai shiru. Wanda ya ce duk kyanwoyinsa suna jin daɗin wurin, ko dai bai lura da su ba ko kuma ba ya son faɗin gaskiya.

Hotunan da gidan ke wallafawa ma suna magana. Idan shekara da shekaru ƙananan 'ya'yan kyanwa kawai ake nunawa, sai ka tambayi kanka ina waɗanda suka girma suke tafiya. Idan kuma gidan yana tallata kansa da nau'o'i masu tsada da aka sayo daga masu kiwo, ka sani cewa wasu daga cikin siffofin da ke burge mutane larura ce ga dabbar. Nau'in Scottish Fold mai lanƙwasassun kunnuwa yana ɗauke da lahanin guringuntsi da ke jawo ciwon gaɓoɓi, masu shafaffiyar fuska irin nau'in Persian kuma da yawansu suna fama da wahalar numfashi da zubar hawaye. Gidan da ya cire wa kyanwoyinsa farata don kada su yaƙushi baƙi bai cancanci kuɗin kowa ba, domin aikin yanke ƙashin ƙarshe ne na kowane yatsa, kuma ƙasashen Turai da dama sun haramta shi, haka ma jihar New York tun 2019. Wuraren da suka haɗa kyanwoyi da mujiya ko bushiya ko wasu namun daji kuwa, shawarata ita ce a ƙaurace musu gaba ɗaya.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka yana da kyau ka san wadda ke aiki a inda kake. A Japan, ƙa'idar 2012 ta hana baje kolin karnuka da kyanwoyi bayan ƙarfe takwas na dare, sannan aka sassauta wa gidajen kofi zuwa ƙarfe goma, bisa sharaɗin kyanwoyin sun kai shekara ɗaya kuma suna da wurin hutawa da za su iya zuwa a duk lokacin da suka so. A Ingila akwai dokar lasisi ta 2018 da ta shafi masu ajiye dabbobi don nuna su ga jama'a. A Amurka kuma hukumomin lafiya na birane da yawa suna tilasta a raba ɓangaren sayar da abinci da ɗakin kyanwoyi da bango da ƙofa. Samun lasisi ba ya tabbatar da cewa komai lafiya. A shekarar 2016 hukumomin Tokyo sun dakatar da wani gida da aka tarar da kyanwoyi 62 a cikin fili mai faɗin murabba'in mita 30, da yawansu ba su da lafiya, alhali kuwa baƙi suna ta shiga suna fita kafin a ɗauki matakin.

Sai kuma ka dubi lafiyar jikinka da ta waɗanda za ka tafi da su. Abin da ke sa wasu mutane atishawa da ƙaiƙayin ido kusa da kyanwa wani sinadari ne mai suna Fel d 1 da ke fitowa daga yawunta da fatarta, yana manne wa gashi idan ta lashi jikinta, sannan ya bazu a iska da kujeru da labule. Babu nau'in kyanwa da ba ya fitar da shi, har da wanda ba shi da gashi, kuma a ɗakin da kyanwoyi goma ko fiye suke zaune yawansa ya ninka na gidan mai kyanwa ɗaya nesa ba kusa ba. Mai ciwon asma ya shawarci likitansa kafin ya je, ya kuma riƙe maganin shaƙarsa a aljihu. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai karɓar maganin ciwon daji ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, shi ma ya nemi shawara tukuna, kuma ya nisanci ƙananan kyanwoyi 'yan ƙasa da shekara ɗaya, domin su suka fi ɗaukar ƙwayar Bartonella, wadda ke shiga jikin mutum ta yaƙushi, kuma su suka fi saurin kai yaƙushi a cikin wasa.

Batun mata masu juna biyu yana bukatar bayani, domin ana yawan tsorata su fiye da kima. Ƙwayar Toxoplasma gondii tana iya cutar da ɗan tayi idan uwa ta kamu da ita karon farko tana da ciki, kuma gaskiya ne cewa a hanjin kyanwa take hayayyafa. Sai dai kyanwa tana zubar da ƙwayar a kashinta ne na makonni ɗaya zuwa uku kawai bayan ta fara kamuwa, kuma ƙwayar ba ta zama mai cutarwa sai ta yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje, wanda ke nufin tiren da ake kwashewa kullum haɗarinsa kaɗan ne. Kyanwar da ba ta fita farauta kuma ba a ba ta ɗanyen nama da wuya ta kamu. Mutane da yawa suna samun cutar ne ta naman da bai dahu ba ko ƙasa ko ganyen da ba a wanke ba. Don haka mai ciki tana iya zama a gida mai tsabta, muddin ba ta kusanci tiren bahaya ba, ta kuma wanke hannu kafin ta kai komai baki, amma hukuncin ƙarshe na likitan da ke duba ta ne. Yara kuwa, gidaje da yawa suna da mafi ƙarancin shekarun da suke karɓa, kuma bai dace a yi musu gardama a kan hakan ba.

Akwai wani wajibi da baƙi ke mantawa, wato kare kyanwoyin daga abin da mutum zai shigo musu da shi. Idan kana da kyanwa a gida tana mura ko gudawa ko kuma gashinta yana zubewa da'ira-da'ira, ka ɗage ziyarar. Ƙwayoyin wasu cututtukan kyanwa, musamman panleukopenia mai kashe ƙanana cikin kwanaki, suna daɗewa a jikin takalmi da tufafi, kuma sinadarin tsaftace hannu mai barasa ba ya kashe su yadda ya kamata, shi ya sa sabulu da ruwa suka fi. Ka sa tufafin da ba za ka ji haushi ba idan gashi ya manne musu ko farce ya ja zarensu, ka tafi da safa mai tsabta domin wurare da yawa suna sa a cire takalmi, ka kuma bar turare mai ƙarfi a gida, domin hancin kyanwa ya fi namu kaifi sosai. Kada ka je da furanni a matsayin kyauta, saboda furen lili, ko da garin da ke cikinsa ne ya taɓa gashinta ta lashe, yana iya lalata mata ƙoda.

Da isarka, ka lura da ƙofa. Gida mai tsari yana da ƙofofi biyu, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje, don kada kyanwa ta sulale titi. A tsakaninsu ko kusa da su za ka ga wurin wanke hannu da takardar dokoki. Ka wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa ashirin, ka karanta dokokin ko da ma'aikaci bai matsa maka ba, ka rufe zif ɗin jakarka domin kyanwa tana son cusa kai, kuma ƙwayar magani guda irin farasitamol tana iya kashe ta.

Mintuna biyar na farko ka ba hancinka da idonka aiki kafin hannunka. Ɗan warin dabba ba laifi ba ne, amma zarnin fitsari mai yaji da ke bugun hanci tun daga bakin ƙofa yana nuna ko dai tirorin bahaya sun yi kaɗan, ko ba a kwashe su a kan kari, ko kuma kyanwoyin suna fesa fitsari a bango saboda damuwa. Turaren ɗaki mai ƙarfi da aka fesa don rufe warin ma abin zargi ne. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar tire ɗaya ga kowace kyanwa da ƙarin guda, a warwatse a wurare daban-daban, nesa da abinci da kuma idon baƙi. Ka ɗaga kai ka ga ko akwai katakai da gadoji a saman bango, ka duba ko akwai akwatunan ɓuya, ka nemi 'yar ƙaramar ƙofar da ke kai wa ɗakin da aka keɓe musu. Ka ga ko kwanukan ruwa suna da tsabta kuma sun fi ɗaya. Game da cunkoso, ido ba mudu ba ya san kima: idan babu wani lungu da kyanwa za ta kwanta ba tare da wata tana kusa da ita ba, sun yi yawa. Sannan ka dubi su kansu. Ido mai kwantsa ko ja, hanci mai majina, yawan atishawa, ƙasusuwan baya da suka fito, gashi mai cukurkuɗewa, tabon da babu gashi a kai, ko baƙin gari kamar na barkono a gindin wutsiya, wanda kashin ƙuma ne, duk alamu ne na cewa kulawa ta yi ƙaranci.

Ya kamata a iya bambanta kyanwa mai barci da mai yin kamar tana barci. Mai barcin gaske za ka gan ta a sake, ta kwanta a gefe ɗaya ko ta naɗe jiki, ƙafafunta a miƙe ko a lanƙwashe ba tare da ƙarfi ba, wani lokaci gashin bakinta yana ɗan motsi. Ita kuwa wadda ta gaji da mutane kuma ta rasa mafaka, za ka gan ta a takure a kan ƙafafu huɗu, kanta a ƙasa, wutsiyarta a manne da jiki, idonta a runtse da ƙarfi, amma kunnuwanta suna juyawa suna bin kowane motsi a ɗakin, kuma da zarar hannu ya matso sai fatar bayanta ta yi ɗar. Ganin kyanwoyi da yawa suna barci ba abin damuwa ba ne, domin babbar kyanwa tana yin awa goma sha biyu zuwa sha shida a rana tana barci, kuma kuzarinta ya fi tashi da asuba da magariba. Abin damuwa shi ne ganin da yawa a cikin wancan hali na biyu.

A ɓangaren abinci, ka tabbata kicin a rufe yake kuma kyanwa ba ta da hanyar shiga, kuma wanda ke haɗa abin sha ba shi ne ke kwashe tiren bahaya a lokaci guda ba. Inda aka yarda a shiga da abin sha ɗakin kyanwoyi, ka nemi kofi mai murfi, kada kuma ka bar faranti a buɗe ka tashi. Teburin da kyanwa ta taka ka ɗauka cewa ƙafar da ta tona tire ce ta taka shi, don haka kada ka ajiye cokali ko biredi kai-tsaye a kansa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ci ka sha tukuna, sannan ka koma ga kyanwoyin, maimakon cakuɗa biyun, domin ƙwayoyin Salmonella da Campylobacter masu jawo gudawa ta hannu suke zuwa baki. Kada ka ba kyanwa komai daga farantinka ko da ta zuba maka ido tana kuka. Cakulan da kofi da albasa da tafarnuwa da inabi duk guba ne a gare ta, madarar shanu kuma tana ɓata cikin mafi yawan manyan kyanwoyi. Idan gidan yana sayar da ɗan abin lasawa na kyanwoyi, ka tsaya a kan adadin da aka ba ka, domin ba kai kaɗai ne za ka ba ta a ranar ba.

Wajen neman kusanci da su, haƙuri ne ke aiki. Ka zauna a ƙasa ko a kan gajeriyar kujera, ka ɗan karkata jikinka maimakon fuskantar kyanwar kai-tsaye, ka rage murya, domin kunnenta yana jin sautuka masu kaifi da namu ba ya kamawa. Zura mata ido barazana ce a wurinta. Idan idonku ya haɗu, ka lumshe naka a hankali ka kau da kai. Wani bincike da masana na jami'o'in Sussex da Portsmouth suka wallafa a 2020 ya nuna cewa kyanwoyi sun fi kusantar baƙon da ya yi musu haka. Ka miƙa yatsa ɗaya daidai tsayin hancinta, ka tsaya. Idan ta matso da wutsiya a ɗage, ta sansana yatsan, ta goga kumatunta a kai, ta ba ka izini. Idan ta sansana ta wuce, ta ba ka amsa, kuma ba a bin ta. Ka shafa kumatu da ƙarƙashin haɓa da gindin kunne, wuraren da mafi yawansu suka fi so, ka bar ciki da ƙafafu da wutsiya. Kyanwar da ta kwanta ta nuna cikinta tana nuna ta saki jiki ne da wurin, kuma hannun da ya kai can sau da yawa da yaƙushi yake dawowa.

Bayan 'yan daƙiƙu kana shafa ta, ka janye hannu ka ga abin da za ta yi. Idan ta turo kai tana neman ƙari, ka ci gaba; idan ta tsaya cik ko ta fara lasar jikinta da sauri, ya ishe ta. Wutsiya mai kaɗawa da ƙarfi, kunnuwa da suka kwanta baya ko gefe, baƙin ido da ya buɗe, da juyowar kai da sauri zuwa ga hannunka, gargaɗi ne na ƙarshe kafin cizo. Ko sautin nan na maƙogwaro da take yi idan tana jin daɗi ba hujja ba ce a kowane lokaci, domin tana yin sa kuma idan tana jin ciwo ko tsoro. Kada ka ta da mai barci, kada ka ciro wadda ta ɓuya, kada ka ɗaga kowace sama sai ma'aikaci ya ce wannan tana so, kada ka tare mata hanyar fita don ɗaukar hoto, kuma ka kashe walƙiyar kyamara. Idan za ka yi wasa da ita, ka yi amfani da sandar wasa mai gashin tsuntsu, kana jan ta a ƙasa kana nesanta ta daga kyanwar kamar abin farauta mai gudu, ka kuma bar ta ta kama daga lokaci zuwa lokaci. Wasa da yatsu yana koya mata kai wa hannu hari, kuma baƙon da zai zo bayanka, wataƙila yaro, shi zai sha wahalar hakan. Yana yiwuwa awarka ta ƙare ba tare da ko ɗaya ta hau cinyarka ba, kuma hakan bai isa dalilin yin ƙorafi ga masu gida ba.

Idan aka yi rashin sa'a kyanwa ta yaƙushe ka, ka wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana, ka sanar da ma'aikata, ka kuma sa ido a kai. Ƙurji a wurin bayan 'yan kwanaki, tare da kaluluwa a hammata ko wuya bayan mako ɗaya zuwa uku, da zazzaɓi, alamun cutar Bartonella ne, kuma a je asibiti. Cizo ya fi yaƙushi haɗari ko da ramin ya yi ƙanƙanta, domin haƙorin kyanwa siriri ne mai tsini, yana cusa ƙwayar Pasteurella can ciki kusa da jijiya da gaɓa sannan fata ta rufe a kai, kuma kumburi da ja da zogi suna iya bayyana cikin awa ashirin da huɗu. Duk cizon da ya huda fata, musamman a hannu, a nuna wa likita a ranar, a kuma gaya masa yaushe aka yi allurar tetanus ta ƙarshe. A ƙasashen da ciwon haukan kare yake, ka nemi a nuna maka takardar riga-kafin kyanwar, ka wanke raunin na tsawon minti goma sha biyar kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kada kuma ka jira alamu kafin ka nemi magani.

Kafin ka fita ka sake wanke hannu har zuwa gwiwar hannu idan kyanwa ta kwanta a kai. Idan kana da dabba a gida, ka cire tufafin ka sa a wanki kafin ka taɓa ta. Cikin makonni biyu masu zuwa ka lura da fatarka, domin makero, wanda ƙwayar cuta ta fungus ce ke kawo shi, yana fitowa a matsayin jan zobe mai ƙaiƙayi da saɓa, kuma kyanwa tana iya ɗauke da shi ba tare da alama a jikinta ba. Yana jin magani, amma ya dace ka sanar da gidan don su duba kyanwoyinsu.

Idan ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka fara da ma'aikacin da ke ɗakin, cikin ladabi, ka faɗi takamaiman abin da ka gani, misali cewa baƙar kyanwar da ke kan taga idonta na hagu yana zubar da ruwa. Sau da yawa za a ce maka tana kan magani, kuma yadda aka amsa zai nuna maka ko sun san dabbobinsu ɗaya bayan ɗaya. Idan abin ya wuce haka, kamar kyanwoyi marasa lafiya da yawa a cikin baƙi, ko rashin ruwan sha, ko duka, ka rubuta rana da lokaci, ka ɗauki hoto, ka kai rahoto ga hukumar da ke ba da lasisi ko ƙungiyar kare dabbobi ta yankin. Idan kuma wata ta shiga ranka har kana tunanin ɗaukar ta, kada ka yanke shawara a zama ɗaya. Ka koma ka sake ganin ta a wani lokaci daban na rana, ka nemi takardun lafiyarta, ka tambayi abincin da take ci da yadda take zama da sauran kyanwoyi, ka kuma lissafa kuɗin abinci da na likita na dabbar da za ta iya rayuwa shekara goma sha biyar ko fiye. Cibiyar ceto mai mutunci ita ma za ta yi maka tambayoyi game da gidanka da aikinka da waɗanda kuke zaune tare, kuma tana iya neman ka jira kwanaki kafin ta miƙa maka kyanwar.